Shin Ko Kun San? Ɓawon Halittun Teku a Kan Tsauni, da Wanda Ke Ƙarƙashin Ƙasar Kabi

Shin ko kun san cewa a ƙarƙashin Birnin Kebbi akwai wani farin dutse da teku ya bari? Masu haƙar rijiyar burtsatse da suka yi zurfi sosai sun iske shi bayan sun wuce yashi da yumɓu, kaurinsa kusan mita 18. Shi ne dutsen da ya fito fili a Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda ake fasa shi ana yin siminti tun 1967. A can yana saman ƙasa, amma ya karkata a hankali ya nutse ta yamma, har shimfiɗar ƙasar Gwandu ta rufe shi. Wanda ya ɗauki gutsurensa ya duba da kyau zai ga ɓawon ƙananan halittu a manne a ciki, wasu ma cikakku. Masana sun ƙiyasta shekarunsa tsakanin miliyan 56 zuwa 60.

To, ta yaya aka san shekarun? Ɓawon ne ya tona asiri. Kowane zamani yana da halittunsa, kuma wanda ya iya rarrabe su ya iya karanta dutse. A wannan sana'a akwai wata halitta da masana suka fi jingina da ita wajen tsofaffin duwatsu, sunanta birakiyofod.

Shin ko kun san cewa birakiyofod ba makankari ba ce, ko da yake ido zai ce su ɗaya ne? Ku ɗauki makankari daga bakin Gulbin Kabi ku buɗe shi. Ɓawon dama da na hagu girmansu ɗaya, kowane hoton ɗan'uwansa ne, amma idan kuka dubi guda ɗaya shi kaɗai za ku ga ya zurma gefe. Ita birakiyofod akasin haka take. Ɓawonta na sama da na ƙasa ba su daidaita ba, ɗaya ya fi girma, amma kowane ɗaya idan aka raba shi tsakiya, rabin dama da na hagu daidai suke. Wannan ita ce jarrabawar farko da ake koya wa ɗalibi, kuma ba ta buƙatar na'ura. A bakin babban ɓawon yawancinsu akwai ɗan rami, ta nan wata jijiya ke fitowa ta kama dutse a ƙasan teku. A ciki kuma akwai hannaye biyu masu gashi-gashi da take kaɗa ruwa da su tana tace abinci. Ba ta zama a ruwan daɗi ko kaɗan, sai na gishiri. Saboda haka duk inda aka ga ɓawonta jingim a cikin dutse, babu gardama, teku ya taɓa kwanciya a wurin.

Yau nau'in da ya rage da rai kusan 400 ne, galibi a ruwa mai sanyi ko mai zurfi. Waɗanda aka samu sun koma dutse kuwa sun haura 12,000.

Shin ko kun san cewa sunan zamanin Farmiyan daga wani yanki na Rasha aka samo shi? Wani Bature ɗan Sikotilan, Roderick Murchison, ya zagaya ƙasar Perm a gindin tsaunukan Ural, ya raɗa wa duwatsun wurin wannan suna a 1841. Zamanin ya fara kimanin shekara miliyan 299 da suka wuce, ya ƙare a miliyan 252. A lokacin, nahiyoyin duniya a haɗe suke wuri guda, ana kiran dunƙulen Fanjiya. Ta gabas wani teku mai ɗumi, Tetis, ya shigo cikinsa, kuma a gaɓarsa birakiyofod ta yi sarauta. Daga baya Afirka da Indiya da ƙasar Larabawa suka matso arewa suka matse wannan teku, ƙasansa ya tattare ya ɗaga sama. Shi ya sa yau ake hawa tsauni neman abin da ya rayu a ƙarƙashin ruwa: tsaunukan Gishiri na Pakistan, kwazazzabon Julfa a iyakar Iran da Azarbaijan, tsaunukan Dolomait na Italiya, Kashmir, Tibet da kudancin Sin.

Ba Turawa ne suka fara lura ba. Tun ƙarni na 11 Al-Biruni ya dubi duwatsun filayen Indiya ya ce wurin teku ne da laka ta cike. Ibn Sina ya yi bayani a Kitabus Shifa kan yadda laka ke daskarewa ta zama dutse da halittu a cikinta. A wannan ƙarni dai, Shen Kuo na ƙasar Sin ya ga ɓawon teku a jikin tsaunin Taihang, nesa da gaɓa, ya yanke irin wannan hukunci. Masu maganin gargajiya na Sin kuwa sun daɗe suna daka wata birakiyofod mai faffaɗan fiffike suna ba marasa lafiya, a ganinsu tsattsewa ce ta koma dutse.

Yanzu ga inda aikin yake. Tsofaffinmu kan dubi tsagar fuska su ce wannan Bakabe ne, wancan Bagobiri, tun mutum bai buɗe baki ba. Haka masani ke yi da ɓawo. Yana duban layukan da ke bayansa, manya ne ko sirara, sun rabu biyu ko sun tafi santal. Yana duban mahaɗar ɓawon biyu, doguwa ce miƙaƙƙiya ko gajera mai lanƙwasa. Yana neman kwarin da ke ratsa tsakiyar ɓawo ɗaya da tudun da ya dace da shi a ɗayan. Yana ƙirga gurbin ƙayoyi. Da wannan kaɗai yakan raba manyan gidaje. Gidan Productida su ne masu ƙayoyi, ɓawo ɗaya ya kumbura ɗaya ya lotsa, suna zaune a kan laka ƙayoyin na hana su nutsewa, kuma su suka fi yawa a Farmiyan. Gidan Spiriferida su ne masu fiffike. Rhynchonellida ƙanana ne masu tsinin baki da layuka masu kaifi. Terebratulida sumul suke, da rami a baki.

Sai dai waje yana ruɗi. Sau da yawa nau'i biyu da ba su haɗa komai ba sukan yi kama a waje, saboda sun zauna a irin wuri ɗaya. Gaskiyar tana ciki, a ƙashin da ke riƙe hannayen nan na tace abinci: na wasu a nannaɗe yake, na wasu zobe ne, na wasu ƙugiya biyu kawai. To yaya za a ga cikin abin da ya rufe ya zama dutse? A da, sai a goge shi. Masani zai ɗora ɓawon a kan magogi ya ci ɗan kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya, ya tsaya ya zana abin da ya gani, ya sake gogewa, ya sake zanawa, har ɓawon ya ƙare ƙurmus. Abin da zai rage masa zane ne talatin ko arba'in, daga su zai gina siffar cikin. Wato sai ka hallaka abin kafin ka san sunansa. Yanzu na'urar hoton ciki irin ta asibiti tana yin aikin ba tare da an taɓa ɓawon ba, ko da yake ba kowace jami'a ke da ita ba.

Shin ko kun san cewa akwai waɗanda suka narkar da dutse don su fitar da ɓawo? A tsaunukan Glass na jihar Texas a Amurka, ɓawon ya rikiɗe ya zama ƙanƙarar dutse wadda asid ba ya ci, alhali dutsen da ke kewaye da shi farar ƙasa ce. G. Arthur Cooper da Richard Grant na cibiyar Smithsonian suka yi ta kwasar manyan duwatsu zuwa Washington suna jiƙa su a ruwan asid. Dutsen ya narke, ɓawon ya fito da ƙayoyinsa sirara ko ɗaya bai karye ba. Sakamakon ya cika littattafai shida tsakanin 1972 da 1977. Kafin su, a shekarun 1880, Wilhelm Waagen ya yi irin wannan dogon aiki kan tsaunukan Gishiri na Pakistan, har yau kuma ana amfani da sunayen da ya bayar. Daga cikin abin mamakin da Farmiyan ya haifar akwai Richthofenia, wadda ɓawonta ɗaya ya miƙe ya zama ƙaho, ɗayan ya zama ɗan murfi a kai. An jima ana gardama kan ko birakiyofod ce ma.

Rabon gidajen ma ya canza. Tun 1869 Thomas Huxley ya kasa su biyu, masu haƙoran mahaɗa da marasa su. A 1996 aka sake lale aka mai da su uku, bisa abin da aka gina ɓawon da shi da kuma yadda jikin yake.

Shin ko kun san cewa a ƙarshen Farmiyan rayuwa ta kusa ƙarewa? Fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'in halittun teku sun shuɗe, kuma lissafin da aka yi a 2014 ya nuna abin ya faru cikin kimanin shekara 60,000, wanda a ma'aunin duwatsu ƙiftawar ido ne. Abin da aka fi zargi shi ne aman wutar Saibiriya. Ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya malale fili mai faɗin gaske, ya ƙona kwal da ke ƙarƙashi, hayaƙi ya cika sama. Teku ya yi zafi, iskar shaƙa ta ragu a cikinsa, ruwan ya yi tsami har gina ɓawo ya yi wuya. Halittar da ke manne wuri ɗaya ba ta da gudu. Gidan masu ƙayoyi ya tafi gaba ɗaya, bai dawo ba. Dangin makankari, waɗanda ke iya tona laka su matsa, su suka gaji filin, kuma har yau su ke riƙe da shi. Wata siririya mai suna Lingula, da ke zama a rami cikin laka, ta tsira, ta ma yaɗu bayan bala'in. Danginta suna nan, a kudancin Japan har miya ake yi da su.

Wurin da duniya ta amince a riƙa auna iyakar ƙarshen Farmiyan da shi yana Meishan, a lardin Zhejiang na Sin, wani tsohon wurin fasa dutse. An tabbatar da shi a 2001. Abin dariya, ba birakiyofod aka zaɓa ta zama alamar iyakar ba, wani ɗan haƙori ne na wata halitta mai kama da tsutsa, wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Dalili shi ne birakiyofod 'yar gida ce, ta Sin daban ta Texas daban, shi kuwa mai haƙorin yana yawo ko'ina cikin teku. Adadin shekarun kuma daga tokar aman wuta aka samo shi. A cikin tokar akwai ƙananan duwatsu masu ɗauke da yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, kuma yuraniyom yana rikiɗa ya zama dalma a kan ƙa'idar da ba ta canzawa. A auna nawa ya rikiɗa, a san tsawon lokacin.

Shin ko kun san cewa ko za ku tone jihar Kebbi daga Kamba zuwa Zuru ba za ku sami birakiyofod ta Farmiyan ba? A kudu maso gabas, wajen Zuru da Yawuri inda ake samun zinariya, duwatsun tsofaffi ne ƙwarai, sun haura shekara miliyan 500, kuma zafi da matsi sun dafa su har babu alamar halitta. Abin da ke kwance kai tsaye a kansu shi ne yashi da tsakuwar Illo da Gundumi, na zamanin manyan dabbobin nan dainoso, masu ɗauke da itatuwan da suka koma dutse. Tsakanin biyun akwai giɓin ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kuma Farmiyan dungurungum yana cikin giɓin. A lokacin ƙasarmu tana can tsakiyar Fanjiya, tudu ce busasshiya, ruwa da iska suna ɗiba daga gare ta maimakon su ajiye.

Mafi kusa da mu da ke da dutsen ƙarshen Farmiyan ita ce Nijar, kusa da Arlit. Sunan shimfiɗar Moradi, kada a ruɗe da Maraɗi, tafiya ce mai nisa tsakaninsu. Can ma babu ɓawon teku, dabbobin tudu ne. Philippe Taquet na Faransa ya bayyana Moradisaurus a 1969. A 2003 aka bayyana Bunostegos, mai cin ganye, girman saniya, kansa duk ƙulu-ƙulu, kuma bincike ya nuna yana tafiya da ƙafafu a miƙe ƙarƙashin jiki, ba a baje irin na ƙadangare ba. A 2005 sai ga Nigerpeton da Saharastega, dangin kwaɗi ne masu siffar kada.

Masuntan Argungu ga taku. Gaiwa, wadda ke shigewa laka idan fadama ta ƙafe ta yi barci har damina, ba yau ta koyi dabarar ba. A duwatsun Farmiyan na Texas an sami ramuka a tsaye da ƙasusuwan danginta a ciki, waɗanda ruwa bai dawo ya tashe su ba. An bayyana su tun 1954. Giwan ruwan da ake ɗagawa a Matan Fada ranar gasa yaro ne ƙarami a gaban gidan su gaiwa.

Teku ya zo mana ne daga baya, har sau fiye da ɗaya. Ya gangaro daga arewa ta hamadar yau, ta Mali da Nijar, ya kwanta a kwarin da ake kira Iullemmeden, wanda ƙasar Sakkwato da Kabi ke gefensa na kudu maso gabas. Zuwansa na kusan shekara miliyan 70 da suka wuce ya bar baƙar lakar Dukamaje. A cikinta aka sami wani ƙaton ƙadangaren teku. W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwansa a 1930, sannan masana daga Florence ta Italiya suka samo ƙarin kai da haƙora a ƙasar Goronyo, suka ba shi suna Goronyosaurus a 1972. E, Goronyon da madatsar ruwanta ke sako wa manoman shinkafar Argungu ruwa. A 1975 Beverly Halstead ya ƙara da wani kada, Sokotosuchus. Zuwan tekun na gaba shi ya bar lakar Dange mai haƙoran kifi da dunƙulen sinadarin takin zamani, sannan farin dutsen Kalambaina.

Shin ko kun san cewa shekara ɗaya kacal bayan Turawa sun ci Sakkwato, burbushin halittun ƙasar ya riga ya isa Landan? A 1904 F. A. Bather na gidan tarihin Birtaniya ya buga bayanin wasu bushiyoyin teku daga yankin, ƙananan halittu masu zagaye da tambarin fure mai ganye biyar a baya. Ya ɗauka na wani zamani ne na baya-bayan nan kaɗan. Da aka zo aka rarrabe ƙananan ɓawon da ba a gani da ido, sai aka tura shekarun dutsen baya. Gyaran suna ɗaya yakan motsa shekarun dutse da miliyoyi. Ɗan ƙasa da ya fi kowa tsayawa kan wannan kwari shi ne Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma tsarin shimfiɗun da ɗalibai ke haddacewa yau ya sha gyara a hannunsa.

A nan zan ce wani abu. Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana da ƙasusuwan dainoso da na ƙaton kada a tsaye, yara 'yan makaranta suna zagayawa suna kallo. Mu kuwa sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan duniya, Goronyo da Wurno da Dange, amma yaron da ya tashi a Gwandu ko Augie zai iya gama sakandare bai taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka buɗe a 1958, cike yake da masu da kwari da kayan su. Akwati ɗaya na gilashi da bushiyar teku goma da haƙoran kifi, da bayani cikin Hausa, ba zai ci kuɗin kirki ba, ga kuma jami'o'i a Kalgo da Aliero da Sakkwato da za su iya tattaro su.

Shin ko kun san cewa tsaunukan nan masu shafaffen kai da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu su ne wuri mafi kyau na ganin shimfiɗar Gwandu? Bayan teku ya janye, koguna da tafkuna suka zuba yashi da yumɓu ja da fari, marmara ta rufe saman ta hana shi zaizayewa. Ɓawo ba ya nan, don haka sai aka koma ga ƙurar furanni. Kogbe da Farfesa Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan sun ciro ta daga baƙar ƙasa mai kama da gawayi da ke cikin shimfiɗar, suka rarrabe ta a 1975, da ita aka kimanta zamanin. Yashin wannan shimfiɗa shi ne rumbun ruwan yankin. Yumɓu ya danne shi ta sama, shi ya sa a wasu wurare na fadama, idan aka huda, ruwa kan taso da kansa ba famfo.

Idan kuka tsinci irin wannan ɓawo a kwazazzabo ko a tarin ƙasar rijiya, kada ku wanke shi da omo ko ku kankare shi da wuƙa, layukan bayansa su ne shaidarsa. Ku naɗe shi a takarda, ku rubuta sunan gari, da wurin, da zurfin da ya fito, da launin ƙasar da ke sama da ƙasa da shi, sannan ku ɗauki hoton wurin da waya, da biro ko kwabo a gefe don a gane girma. Sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa su ne wuraren da za a kai.